Yadda Za Ku Shirya 'Ya'yanku Ɗalibai a Amurka Kafin Tafiyar Hutun Bazara

A kowace shekara, tsakanin ƙarshen Fabrairu da tsakiyar Afrilu, jami'o'in Amurka sukan ba ɗalibansu hutun mako guda wanda a can ake kira Spring Break, mu kuma muna iya ce masa hutun bazara tun da galibi a watan Maris yake faɗowa. A wannan makon ne ɗalibai suke kwarara zuwa garuruwan bakin teku, irin su Mayami da Fort Lauderdale da Daytona Beach da Panama City Beach a jihar Fulorida, da tsibirin South Padre a jihar Tekzas, wasu kuma su tsallaka Kankun a ƙasar Meksiko. A zangon karatu na 2023/2024 ɗaliban Najeriya da ke Amurka sun haura 20,000, ban da na Nijar da Gana da Kamaru, ban da kuma 'ya'yan Hausawa mazauna can waɗanda aka haifa a unguwanni irin su Bronx ta birnin New York. Saboda haka wata rana uba yana zaune a Kano ko Maraɗi zai ji ɗansa ya ce, “Baba, abokaina za su je Fulorida a wannan hutun, ina so in bi su.” Abin da ya kamata a yi daga wannan lokacin har zuwa dawowarsa shi ne zan bi daki-daki.

Mataki na farko: maganar da za a yi tun da wuri

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ku ɗauko zancen hutun tun a watan Janairu, kafin a sayi tikiti, kuma ku ɗauko shi da tambaya: me ya tsara yi, da su wa, zuwa ina. Kuna da iko ku ce ba ku amince ba, kuma yaron da ya tashi da tarbiyya zai ji maganarku. Amma ku sani cewa wanda ya cika shekara 18 a yawancin jihohin Amurka babba ne a idon doka, yana da katin bankinsa, kuma tsakaninku da shi akwai teku. Hanin da aka yi da tsawa ba tare da an ba da dalili ba sau da yawa ba ya hana tafiyar, sai dai ya mai da ita ta ɓoye, kuma tafiyar ɓoye ita ce mafi haɗari, domin idan abu ya faru yaron zai fi tsoron fushin gida fiye da halin da yake ciki.

Don haka akwai kalma ɗaya da nake ganin wajibi ne ta fito daga bakin uba ko uwa kafin komai: “Duk abin da ya same ka, ko da laifinka ne, ko da ƙarfe nawa ne, ka kira ni. Faɗa sai ka dawo, amma a lokacin taimakonka zan yi.” Wannan alƙawarin ya shafi 'ya mace fiye da kowa, domin ita ce kunya ta fi rufe wa baki. Idan kuma kun ga ba ku yarda da bakin teku ba, ku kawo madadi: ziyarar wani ɗan'uwa a wata jiha, ko aikin sa kai da jami'o'i da yawa suke shiryawa a wannan makon, kamar gina gidaje tare da ƙungiyar Habitat for Humanity. Ku tuna cewa a wasu makarantun ana rufe ɗakin cin abinci, wani lokaci har da ɗakunan kwana, saboda haka cewa “ka zauna a makaranta” ita ma tana buƙatar shiri.

Mataki na biyu: takardu

A nan ne ɗanku ya bambanta da abokansa Amurkawa, kuma ya kamata ya fahimci wannan sarai. Abin da zai jawo wa Ba'amurke tarar kuɗi da kwana ɗaya a hannun 'yan sanda yana iya jawo wa mai bizar karatu ta F-1 ƙarshen karatunsa.

Idan tafiyar a cikin Amurka ce, ya riƙe fasfonsa da takardar I-20, wato shaidar ɗalibta da makarantarsa ta ba shi, da kwafin I-94, wato shaidar shigarsa ƙasar. Tun daga 7 ga Mayun 2025 ba kowane lasin tuƙi ake karɓa a filin jirgin sama ba, sai mai alamar REAL ID, wato wanda ya cika ƙa'idar tantancewa ta gwamnatin tarayya, amma fasfo na ƙasar waje yana wadatarwa. Mai zuwa South Padre a mota ya san cewa a hanyar dawowa arewa akwai shingayen jami'an tsaron iyaka, ɗaya a kusa da Sarita a kan babbar hanya mai lamba 77, ɗaya a kusa da Falfurrias a kan mai lamba 281, inda ake tsayar da motoci a tambayi matsayin zaman kowa, duk da cewa mutum bai fita daga ƙasar ba. Ɗalibin da ya bar takardunsa a ɗaki yana iya ɓata sa'o'i a wurin. Ya ɗauki hoton kowace takarda, ya turo muku, ya kuma ajiye kwafi a imel ɗinsa.

Idan kuwa maganar fita waje ce, zuwa Meksiko ko Bahamas ko Jamaika, shawarata ita ce a haƙura sai in ofishin kula da ɗaliban ƙasashen waje na jami'arsa ya duba takardunsa ya ce babu matsala. Dalili shi ne, fita tana da sauƙi, dawowa ce aiki. Sai akwai sa hannun tafiya na jami'in makaranta a kan I-20, wanda yake aiki na shekara ɗaya ga mai karatu, sannan sai bizar da ke cikin fasfo tana ba da damar sake shiga. A watan Yulin 2025 Amurka ta mayar da akasarin sababbin bizar 'yan Najeriya ta shiga sau ɗaya mai wa'adin wata uku, kuma a watan Yunin shekarar ta saka Cadi da Sudan cikin ƙasashen da ta hana 'yan ƙasarsu shiga. Akwai wani sassauci wajen dawowa daga tafiyar da ba ta wuce kwana 30 ba zuwa Kanada ko Meksiko ko tsibiran kusa, amma yana da sharuɗɗa, kuma dokokin suna canzawa, don haka kada yaro ya dogara da abin da aboki ya gaya masa. Hutun kwana biyar bai kai a sayar da digiri saboda shi ba. Haka kuma kada wanda ya je South Padre ya yarda a ce masa a leƙa Matamoros da ke tsallaken iyaka: jihar Tamaulipas ta Meksiko, inda garin yake, tana cikin wuraren da gwamnatin Amurka ta ce kada a je, kuma a can ne aka sace Amurkawa huɗu a watan Maris na 2023, biyu daga cikinsu suka mutu.

Mataki na uku: abokan tafiya, masauki da kuɗi

Ku nemi sunayen dukan waɗanda za a tafi da su, da lambar wayar aƙalla biyu daga ciki, da lambar uba ko uwar ɗayansu idan ya yiwu. Ku nemi sunan masauki da adireshinsa da ranar shiga da ta fita. Yaron da ya kasa faɗin inda zai kwana bai gama shiri ba. Otal-otal da yawa a garuruwan hutu ba sa ba wanda bai kai shekara 21 ɗaki, saboda haka a tabbatar da wannan kafin a biya, kada a isa cikin dare a rasa wurin kwana. Idan gidan haya ne na Airbnb ko makamancinsa, a biya ta cikin manhajar kawai, kada a tura kuɗi kai tsaye ga wanda ya tallata gida a Facebook ko Instagram.

Da sun shiga ɗaki su duba ƙofar fita ta gaggawa, su kuma duba ko akwai na'urar gargaɗin hayaƙi da ta iskar kabon monoksayid, wato irin gubar da ke cikin hayaƙin janareta wadda muka san tana kashe iyali guda a cikin barci. Ita ce ta kashe Amurkawa uku a wani gidan haya a birnin Meksiko a watan Oktoban 2022, kuma ƙaramar na'urar da ake ɗauka a jaka ba ta da tsada. Barandar bene kuma ba wurin zama a kan ƙarfe ko tsallakawa zuwa ɗakin maƙwabta ba ce.

Game da kuɗi, a raba su gida biyu: kati ɗaya a aljihu, ɗaya a ɓoye a masauki tare da ɗan tsabar kuɗi. Ku ware wani abu da ba za a taɓa ba sai don dawowa, wanda zai ishi tikitin bas ko jirgi idan tafiyar ta lalace ko abokai suka saɓa. Yaron da ke da kuɗin komawa da kansa ba ya zama a inda ransa bai kwanta ba.

Mataki na huɗu: hanya

Ɗalibai da yawa a mota suke tafiya don rage kashe kuɗi, kuma nisan ba na wasa ba ne. Daga New York zuwa Mayami ya haura kilomita 2,000, wato kusan Kano zuwa Legas sau biyu. A raba tafiyar kwana biyu, a sami aƙalla direbobi biyu masu lasin, a riƙa tsayawa bayan kowace sa'a biyu, kada kuma a tashi da dare bayan an gama jarrabawa jiki a gajiye. Kowa ya ɗaura bel, har na baya. Idan motar haya ce, sunan duk wanda zai tuƙa ya kasance a cikin yarjejeniya, in ba haka ba inshora tana iya ƙin biya idan an yi haɗari. Idan ɗan sanda ya tsayar da su, direba ya gangara gefe, ya zauna a cikin mota, ya ɗora hannuwansa a kan sitiyari, kada ya fito yana ba da haƙuri, kada kuma ya kuskura ya miƙa na goro, domin wannan babban laifi ne a can.

A cikin gari, kafin shiga motar Uber ko Lyft a duba lambar mota da hoton direba, a kuma sa shi ya faɗi sunan wanda ya zo ɗauka. A watan Maris na 2019 wata ɗalibar Jami'ar South Carolina ta shiga wata mota da ta zaci ita ce ta kira, direban ya kashe ta, kuma a dalilinta aka yi dokar tarayya a kan wannan harkar.

Mataki na biyar: teku

Wannan ne abin da iyaye suka fi mantawa da shi, alhali yawancin 'ya'yanmu ba su tashi a kusa da teku ba, kuma wanda ya koyi iyo a kududdufi ko a wurin ninƙaya na otal bai san halin teku ba. Babban mai kisa shi ne wani siririn ruwa mai ƙarfi da yake komawa daga gaɓa zuwa cikin teku, yana jan mutum ko da ruwan bai wuce ƙirjinsa ba. Hukumar kula da teku da yanayi ta Amurka ta ce gudunsa yana iya kaiwa ƙafa 8 a daƙiƙa, wanda ya fi gudun gwanin ninƙaya na gasar Olamfik, kuma ƙungiyar masu ceto ta ƙasar ta ƙiyasta cewa yana cin rayuka sama da 100 a shekara. Abin da ke yaudarar mutane shi ne wurin yakan yi kama da inda ruwa ya fi kwanciya, domin igiyar ruwa ba ta fashewa a nan.

Ku sa ɗanku ya maimaita muku abin da zai yi idan ruwan ya ja shi. Kada ya yi kokawa da shi yana neman komawa gaɓa kai tsaye, domin gajiya ce ke nutsar da mutum. Ya kwanta a kan ruwa ya bari numfashinsa ya daidaita, ya yi iyo ta gefe yana bin tsawon gaɓa har ya fita daga inda ake jansa, sannan ya karkato zuwa tudu. Idan ya kasa, ya ɗaga hannu ya yi ihu. Idan kuma abokinsa ne ruwa ya ja, kada ya faɗa ya bi shi, domin masu zuwa ceto da yawa su ne suke mutuwa. Ya kira mai ceto, ya buga 911, wato lambar agajin gaggawa ta Amurka, ya jefa masa wani abu mai yawo a kan ruwa.

Ya kuma san ma'anar tutocin da ake kafawa a bakin tekun Fulorida: kore ruwa a kwance yake, rawaya a yi hattara, ja akwai haɗari sosai, ja guda biyu an rufe ruwan gaba ɗaya, shunayya kuma akwai halittun ruwa masu harbi. A Panama City Beach shiga ruwa a ranar ja biyu yana jawo tarar dala 500. Ƙa'idar da zan ba wanda bai ƙware ba ita ce kada ruwa ya wuce gwiwarsa, ya tsaya a gaban mai ceto, kada kuma ya shiga da dare.

Mataki na shida: dare, giya da ƙwaya

Na san iyaye da yawa za su ce ɗansu ba ya sha, kuma ina fatan haka ne. Amma ko shi bai sha ba, zai kasance a tsakiyar masu sha, kuma zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Doka a Amurka ta hana sayar da giya ga wanda bai kai shekara 21 ba, riƙe katin shaida na jabu laifi ne, kuma kama ɗalibin waje da tuƙi cikin maye kaɗai, tun kafin a je kotu, yana iya sa a soke bizarsa. Tabar wiwi, ko a jihar da ta halatta ta, haramun ce a dokar tarayya wadda harkar shige da fice take bi, a Fulorida da Tekzas kuwa ko dokar jiha ba ta yarda da shan ta don nishaɗi ba. Kada ya shiga motar da ake ɗauke da ita, kada ya riƙe wa kowa jaka.

Ƙwaya ta fi komai ban tsoro yanzu saboda fentanil, wani sinadari da ake cakuɗawa a cikin ƙwayoyin jabu masu kama da na asibiti. Hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta Amurka ta ce miligiram 2 kacal yana iya kisa. A watan Maris na 2022 wasu ɗaliban makarantar sojoji ta West Point da suka je hutu kusa da Fort Lauderdale sun faɗi rai a hannun Allah bayan sun shaƙi hodar iblis da aka gauraya da shi. Don haka ko maganin ciwon kai ne, kada ya karɓa daga hannun wani. Ya tafi da nasa daga kantin magani. Tun 2023 ana sayar da Narcan, maganin fesawa a hanci mai farfaɗo da wanda irin wannan gubar ta kwantar, ba tare da takardar likita ba, kuma jami'o'i da yawa suna raba shi kyauta. Ɗaukarsa ba shaidar shaye-shaye ba ce, domin mai yiwuwa ran ɗan wani zai ceta.

Idan wani ya sume, ana tashinsa ba ya tashi, numfashinsa ya yi ƙasa ko leɓɓansa sun canza launi, a kwantar da shi a gefensa, a buga 911 nan take, kada a ce a bar shi ya yi barci ya wartsake. Yawancin jihohi, har da Fulorida, suna da dokar da ke ba da kariya ga wanda ya kira agaji a irin wannan halin. Ga 'yan mata da samari duka: abin sha ko da lemo ne a buɗe shi da hannu, wanda aka ajiye aka juya baya a zubar, a fita tare a dawo tare, kada a bar kowa ya bi baƙon da aka haɗu da shi a daren. Idan taro ya fara zafi a bar wurin. A watan Maris na 2023 an harbe mutum biyu har lahira a titin Ocean Drive na Miami Beach, hukumomi suka kafa dokar hana fita daga sha biyun dare, kuma tun daga nan birnin yake tsaurara matakai a wannan watan.

Mataki na bakwai: asibiti da sadarwa

Akwai abin da yake ba iyaye mamaki a ranar da ba a so: dokokin sirri na Amurka suna iya hana asibiti da jami'a ba ku bayanin ɗanku da ya cika 18 in ba da izininsa ba. Ya cika takardar izini tun kafin tafiya, ya saka sunanku, ya kuma ƙara da sunan wani babba amintacce mazaunin Amurka, kawu ko aminin gida ko limamin masallacin da yake zuwa, wanda zai iya hawa jirgi ya isa gare shi a rana ɗaya. Ya duba ko inshorar lafiyarsa ta makaranta tana aiki a jihar da zai je, ya riƙe katinta. Ya kuma sani cewa wata doka ta 1986 ta tilasta wa sashen gaggawa na asibitoci duba duk wanda aka kawo ko da ba shi da kuɗi, don haka tsoron kuɗin magani kada ya hana shi zuwa. Mai sikila ko asma ya tafi da magungunansa cikin kwalinsu na asali, mai sikila kuma ya kiyayi zafin rana da ƙishirwa da ruwan sanyi.

Ku tsayar da lokaci ɗaya a rana na saƙon WhatsApp, ku kuma yarda a kan abin da za a yi idan lokacin ya wuce shiru: a jira sa'a biyu, a kira aboki, a kira masauki, sannan a kira wakilinku na can. Najeriya da Nijar suna gaban akasarin Fulorida da sa'a shida, amma daga Lahadi ta biyu a watan Maris, da aka sauya agogo, ratar takan koma sa'a biyar. Kiran da ya wuce kima yana sa yaro ya daina ɗagawa, don haka sau ɗaya tabbatacce ya fi sau goma na fargaba. Ya kunna manhajar nuna inda yake ga abokan tafiyarsa, ya riƙe batirin caji na aljihu, ya haddace lambar waya biyu, ya kuma ajiye lambar ofishin jakadancin ƙasarsa. Najeriya tana da babban ofishi a Washington da ƙanana a New York da Atlanta.

Ku kuma zaɓi wata kalmar sirri da ku kaɗai kuka sani. Hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, FBI, ta daɗe tana gargaɗi a kan 'yan damfara masu kiran iyaye su ce sun sace ɗansu, a ji kuka a waya, a nemi kuɗi cikin gaggawa alhali yaron yana lafiya, kuma yanzu ana iya kwaikwayon murya da kwamfuta. Idan irin wannan kiran ya zo, ku nemi kalmar, wani kuma ya kira yaron ta wata wayar kafin a tura ko sisi.

A shekarun 2024 da 2025 azumin Ramadan ya haɗu da wannan hutun. Idan hakan ta sake faruwa, ku tuna masa cewa matafiyi yana da rangwamen ajiye azumi ya rama da na yin ƙasaru, kuma tuƙin dogon zango ko wuni a rana da ƙishirwa ba abin da za a yi gardama da jiki a kansa ba ne. Ya nemo masallaci mafi kusa da masaukinsa da inda ake sayar da abincin halal tun kafin ya tashi.

Bayan ya dawo

A ranar dawowa ya sanar da ku idan ya kama hanya da kuma idan ya shiga ɗakinsa. Bayan kwana biyu ku kira shi ta bidiyo ku ga fuskarsa, ku bar shi ya ba da labari ba tare da kun katse shi ba. Ku tambaye shi kai tsaye ko 'yan sanda sun ba shi wata takarda, ko da ta gudun wuce ƙa'ida ce, domin takardar da aka ƙi biya ko ranar kotun da aka ƙi halarta tana iya komawa sammacin kamu; idan kuwa an kama shi, ya ga lauyan shige da fice kafin ya amsa kowane laifi. Ya duba bayanan katin bankinsa ko an ciri kuɗin da bai sani ba. Idan kuka lura ya yi shiru fiye da yadda kuka san shi, ko 'yarku ta daina cin abinci da barci, ku sa yayarta ko gwaggonta da ta fi sakewa da ita ta kira ta, ku kuma tuna mata cewa cibiyar ba da shawara ta jami'a tana riƙe sirri, sannan lambar 988 tana amsa kiran mai damuwar rai dare da rana.